Gida Bakwai na Larai Mai Ƙosai

Ka taɓa ƙirga mutanen da ka gaya wa ƙarya guda? Larai ta ƙirga nata, bakwai cif.

'Yar Katolika ce. Ta biyo mijinta Dutse a shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa, ta kafa kaskon ƙosai a Yalwawa. Shekara tara ba ta da abokiyar gasa, sai Kubura ta kafa nata kaskon a tsallaken titi. Kowace safiya Larai na juya ƙosai tana ƙirga layi: nata mutum shida, na Kubura goma sha tara. Kishi ya kama ta.

Sai ta fara raɗa wa masu saye cewa ɓera ya mutu a man Kubura, ta tsame shi ta ci gaba da suya. Cikin mako biyu layin Kubura ya koma mutum uku.

Amma Lahadi huɗu a jere Larai ba ta tashi karɓar Jikin Kristi, gurasa mai tsarki da ake rabawa a coci, ba, don ta san mai wannan nauyin ba ya karɓa sai ya yi ikirari, wato ya faɗi zunubinsa gaban Fada, limamin coci. Ga Ista saura kwana takwas.

Ran Asabar ta durƙusa gaban Fada ta zayyana komai. Ta zaci zai ce ta yi addu'ar "A gaishe ki Maryamu" sau goma ta tafi.

"Mutum nawa kika gaya wa?" in ji Fada.

"Bakwai, Fada."

"To, gida bakwai za ki shiga, ki wanke Kubura da bakin da kika ɓata ta. An gafarta miki, amma sunan baiwar Allahn nan a hannunki yake."

Kwana uku ta yi tana zagaye. A gida na biyar wata tsohuwa ta riƙe haɓa: "Ke 'yar nan, ashe ɓeran a bakinki ya mutu!"

Ta ƙara na takwas da kanta, gidan Kubura, ta faɗa mata gaskiya. Kubura ta ce, "Allah ya yafe mana, Yaya."

Ranar Ista Larai ta karɓi Jikin Kristi. Masu saye suka koma wa Kubura, kishin kuwa bai mutu ba. Duk Asabar ɗin farkon wata takan kai shi gaban Fada.

Don Allah, in akwai wanda ka ɓata wa suna, gwada buga ƙofa ɗaya kafin mako ya fita.