Ni da kyamarar walda

Ana sanar da jama'ar Birnin Kudu da kewaye cewa na ajiye muƙamina na injiniya, bayan wuni ɗaya a bakin aiki.

Ƙanina Sani mai walda ne ya sayo kyamarar da ke kallon wutar walda ta nuna ɗinkin ƙarfen a allo. Da yake ni ne ɗan bokon gidan, na karance takardarta, na kafa ta, na tsaya ina saita ta da baƙin gilashina na gayu, shi kuwa yana ta walda.

"Yaya, koma wajen allon. Kyamarar aka saya ta kalli wutar, ba kai ba."

"Sani, na karanta takardar nan kaf."

"To, idonka ya karanta?"

Washegari ni ke da jawabi a walimar saukar 'yata a Gwaram. Na tashi ido kamar an zuba yashi, ko harafi ba na gani. Sani ne ya karanta jawabin, ina gefe ina hawaye, jama'a na cewa farin ciki ne.

Wa karatu ya taɓa kayar da shi haka? Ni dai na yarda, Sani ne da gaskiya.