Na'urar da ba ta da kunya

Shekarar da na dawo hutu Garwa daga karatun kwamfuta a Faransa, lokacin ɗan garinmu na mulkin ƙasa, mahaifina ya ce ba zan koma ba sai ya ji abin da ake cusa min a kai. Mahauci ne, ba ya sayen bijimi sai ya latsa ƙugunsa. Ni kuwa saura shekara guda in gama.

Ya zaunar da ni a zaure bayan la'asar, ya kira Modibbo maƙwabcinmu, malamin allo, ya zama shaida.

Don in sauƙaƙa, sai na ɗauko misali da gida, na kuwa jawo wa kaina. Na ce a tsarin da muke rubuta wa na'ura akwai babban abu, akwai ƙarami a cikinsa, kamar uba da ɗa. Wani aikin babban ne kaɗai ya iya shi. To ana damƙa wa ƙaramin hanyar kiran babban tun ranar da aka ƙirƙire shi, in bukata ta taso ya kira shi ya sa shi aiki.

"Ɗan ne ke aiken uban?" in ji Baba.

"E, Baba."

"Uban kuma ya tashi?"

"Nan take."

Modibbo ya kama haɓa, har Fulatanci ya kuɓuce masa. "Kayya! Walaa semteende. Alhaji, wannan ƙarfe ba shi da kunya."

Na yi ta rantsuwa cewa ƙaramin ba ya sa babban sai aikin da babban ya yarda a nema a wurinsa. Ina! Baba ya hau faɗa. Ya ce a gidansa umarni daga sama yake saukowa kamar ruwan sama, bai taɓa ganin ruwa ya hau tudu ba, kuma ba a haifi na cikin gidan da zai ɗaga shi daga buzunsa ba. Na sunkuyar da kai, ina jin Faransa tana yi min nisa.

Sai muka ji muryar Inna daga tsakar gida. Inna dai ko da wasa ba ta taɓa faɗin sunan Baba ba, kuma ba da kowa take magana ba, da kaza take.

"Ke ma dai kin ga ta kanki. Ruwa ya tafasa, ga ki ɗaure, ba mai yanka ki."

Baba bai ma ƙarasa maganarsa ba. Ya miƙe, ya zaro wuƙa daga kube, ya shige ciki. Modibbo ya bi shi da kallo, ya dube ni, ya shiga jan carbi da sauri kafaɗunsa na rawa.

Da Baba ya dawo yana goge hannu, ya ƙi yarda mu haɗa ido. Ya daɗe yana gyara zama.

"Ka koma ka gama," ya ce. "Amma ka gaya wa Nasaran nan su koya wa ƙaramin ladabi. Ba gatsau ake kiran manya ba."