'Yan Matan Wuri

Ɗakin kakarmu Inna Ige yana can ƙuryar gida, a tsohuwar unguwarmu da ba ta da nisa da Hubbare. In sanyi ya shigo, da an sallame isha'i sai ta sa a zuba mata garwashi a kasko, ta jefa ɗan itacen ƙirya a kai, mu kuwa jikoki mu kewaye ta muna ture juna. Ni kullum kusa da ƙafarta nake zama, ina matsa mata yatsu. Tana da wani tari da take yi kafin ta fara magana, da mun ji shi kowa zai kama bakinsa, har yayana Bello da bai san zama wuri ɗaya ba. Shi take kira angonta, ta ce tun da ya aure ta ko goro bai taɓa kawo mata ba.

Yawancin tatsuniyoyinta na kura ne da dila da 'ya'yan sarakuna, masu ƙarewa da dariya. Amma akwai wani dare da ƙanwar babanmu ta aiko mata da alkaki. Ta ɓantara, ta sa a baki, ta daɗe tana juya shi da dasashi.

"Ga ta nan," in ji ta, "amma wagga ba a daji anka yi ta ba. Nan bakin ƙohwarmu anka yi ta, ni kau ina ciki."

Ta ce lokacin tana budurwa, Nasara ba su daɗe da shigowa Sakkwato ba. 'Yan matan unguwa suna da ƙungiyarsu ta wasan dandali da aikin biki, sarauniyarsu kuwa Kulu, wata doguwa mai baki da wayo. A cikinsu akwai Nagode, baiwar wani bafatake mai fataucin goro. Tare suke ɗibar ruwa, tare suke kitso. Uwarta tsohuwa ce da aka riga aka 'yanta a wani gida, tana zaune ita kaɗai tana kaɗi, ba ta da kowa sai ita.

Sai labari ya zo cewa ubangidan Nagode zai kwashe iyalinsa ya ƙaura Gwanja da zarar an gama girbi. A zamanin an ce bawa yana iya fansar kansa a gaban alƙali in ya kawo abin da aka yanka masa. Ubangidan bai ƙi ba. Ya ce in an kawo fansa kafin ayari ya tashi, Nagode ta zauna da uwarta. In ba a kawo ba, da ita za a tafi.

Kulu ta tara su a gindin tsamiya, ta ce alkaki za su yi su sayar. Kowace ta roƙo abin da za ta iya daga gida, wannan alkama, waccan man shanu, wata 'yar mai kiwon zuma ta zo da ƙwarya cike. A nan muryar Inna Ige takan sake, ta koma ta yarinya, don dabarun Kulu suna burge ta har ta tsufa.

"Kulu tac ce, kada mu tahi kassuwa, can masu alkaki sun hi ƙuda yawa. Hubbare za mu, wurin baƙi masu ziyara. Baƙo ba shi komawa gida hannu sake."

Haka suka yi. Suka wanke faifansu tas, suka ɗaura zane iri ɗaya don a gane su daga nesa. Kulu ta hana su kiran "ga alkaki" kamar kowa. Ta ce su riƙa cewa, "Ga tsarabar da ba ta lalacewa a hanya." Tana yanka guda ɗaya ƙanana ƙanana, duk tsohon da ya fito daga ziyara a miƙa masa ya ɗanɗana, don ta ce mutum in ya ci naka kunya ba ta barinsa wucewa. Wanda ya saya da yawa a yi masa gyara a gaban jama'a, a ɗaga murya a gode masa. Ranar Juma'a su raba kansu ƙofofin masallaci, sauran ranaku ƙanana daga cikinsu su shiga gidajen kulle, inda mata ke da 'yan kuɗin kaɗi amma ba su da mai kawo musu. Abu ɗaya ta hana: kada a gaya wa kowa dalilin tallar, don kada a mayar da Nagode abin nuni a gari.

Bello ya ce, "Inna, ai da ni ne sai in cinye rabin faifan."

"Shi ya sa ba a aiken ango talla," ta ce. "Yi shiru, ragon miji."

Ciniki yana tafiya, amma a hankali, ga damina tana ja da baya. A lokacin kuɗin Nasara sun fara yawo, masu huji a tsakiya da farare na azurfa, kuma manyan 'yan kasuwa sun fara yatsina fuska in an miƙo musu wuri, wato 'yan ƙwanson nan farare da iyaye da kakanni suka sani a matsayin kuɗi. Kulu ta lura mutanen ƙauye suna zuwa da burgami cike da wuri, ana korarsu daga rumfa zuwa rumfa. Sai ta ce ga kasuwa nan kwance ba mai ɗauka. Ta sa suka ƙara a kiran tallarsu: "Mu muna karɓar wuri!"

Inna Ige ta ce ba ta taɓa ganin ciniki irin wannan ba. Kafin la'asar faifai ya zama wayam. Suna toyawa da safe, su sake toyawa da rana. Har suna aka sa musu, 'yan matan wuri, baƙo yana sauka yana tambayar inda suke. Kullum da yamma su juye abin da suka samu a wani babban tulu a ɗakin uwar Kulu. Ya cika, aka samo na biyu. Nagode takan saci jiki ta zo ta tura hannu cikin tulun har gwiwar hannu, ta yi ta dariya. Uwarta kuwa ta fara share gefen ɗakinta, inda ta ce nan 'yarta za ta shimfiɗa tabarma.

Ba wanda ya gargaɗe su a kan tara wuri. Iyayensu mata a kulle suke, su ma wuri suka sani. A ganinsu abin da aka yi sadaki da shi, aka yi zakka da shi tun kafin a haife su, ba zai wayi gari ya daina zama kuɗi ba.

Da aka fara yankan gero suka ari jaki, suka ɗora masa tulunan cikin mangala, kawun Kulu ya raka su zauren bafataken. Mutumin ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Inna Ige ta ce ba mugu ba ne, har ya sunkuyar da kai.

"Yac ce, 'Ɗiyana, mi za ni yi da wanga? Masu haraji azurhwa suka so. Bisa hanya ko ruwa ba a ba ni da shi. Ku tahi ku canzo.'"

Suka kora jakin zuwa wurin masu canji. Na farko ya ce ba shi da wurin ajiye duwatsu. Na biyu ya yarda, amma abin da ya zuba wa Kulu a tafin hannu bai ko rufe tafin ba, kuma bai kai rabin fansa ba. Ya ce da tun farko suka riƙa kawowa da sun samu ninkinsa, don kullum darajar wuri faɗuwa take.

Suka koma toya alkaki da abin da ya rage, suka ce yanzu sai kuɗin Nasara. Amma masu zuwa wurinsu duk masu wuri ne. Mutum ya tsaya ya ce, "Ba ku ne 'yan matan wuri ba?" ya juya ya tafi. Masu azurfa kuwa suna da nasu masu alkakin tuntuni. Alkaki ya kwana a faifai har tururuwa ta same shi.

Ranar da ayari ya tashi suka ƙulle wa Nagode sauran kuɗin a tsumma, suka raka ta har bayan ganuwa. Ba ta yi kuka ba, ta ce wa Kulu ta riƙa leƙa mata uwarta. Kulu ta riƙa leƙawa har tsohuwar ta rasu. Ba a sake jin ɗuriyar Nagode ba.

Muka zuba mata ido muna jiran sauran labarin, don mun saba a ƙarshe wani ya dawo da raƙuma. Ƙanwata ta ce, "Inna, sai kuma ta dawo?" Inna Ige ta tona garwashin da tsinke, ta ce mu tashi mu yi addu'ar barci.

Na daɗe ina ɗaukar labarin nan a matsayin gargaɗi a kan wayo. Da na yi karatu na girma, na ga Kulu ba ta yi komai ba daidai ba. Ta san mai saye, ta san inda yake tsayawa da abin da ke sa shi kunya. Ƙasar ce aka sauya a ƙarƙashin ƙafarta, daga wani wuri da ba ta taɓa gani ba, kuma ba a yi shawara da ita ba. Na yi imani ladansu yana wurin Allah, ko ƙwayar alkama ɗaya ba ta ɓace ba. Amma a nan duniya, tsohuwa ta share gefen ɗaki ba wanda ya kwanta a wurin.

Bana 'yata Hafsatu da ƙawayenta na Islamiyya suke toya cincin da gireba a tsakar gidana a Gidan Dahala, suna tara kuɗin aikin da za a yi wa wata 'yar ajinsu mai ciwon ƙoda. Na koya musu ba da ɗanɗano, na nuna musu ƙofofin da za su tsaya, na ce abin da suka samu su kai wa iyayen yarinyar a ranar, kada ya kwana. Suna kaiwa. Amma duk zuwan da za su yi sai a ce magani ya ƙara kuɗi, buhun fulawa ma haka, yarinyar kuwa ƙafafunta sai ƙara kumbura suke.

Jiya muna murza ƙulli Hafsatu ta ɗago kai, duk goshinta gari, ta ce, "Umma, za mu kai ga kuɗin aikin nan kuwa?"

Na ce ta duba man nan, kada ya ƙone.