Malam Bawa Mai Usur ya tafi da sauran sunayen

Da safen nan ina cikin dama kunu ɗiyar Malam Bawa ta kira ni daga Argungu. Ta ce Baba ya cika bayan asuba. Na ajiye ludayi na zauna ƙasa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Mu biyu munka rage cikin waɗanda sunka ga farkon wasanni a kwalejinmu ta Birnin Kebbi. Yau saura ni.

Yaran yanzu kuna ganin ofis da fanka da kofuna jere a kabad. Ofishin Malam Bawa akwatin ƙarfe ne gindin darbejiya: ƙwallo ɗaya, usur ɗaya, da littafin sunaye. Ni ina kicin ina dafa wa ɗalibai. Da tokar murhuna yake ja layin tsere, shi ya sa nake cewa ni ce na gina filin nan, shi hura usur kawai ya iya. Yakan yi dariya ya ce to Kyaftin.

Da ya ce 'yan mata ma za su yi gudu, shugaban makaranta ya ce sai da yardar iyaye, gida gida. To namiji baƙo iyakarshi zaure. Sai ya ɗauke ni. Shi yana zaure yana lallashin maigida, ni ina ciki wajen uwaye.

Allah Ya yafe min, na faɗa wa uwayen nan cewa yarinyar da ta saba gudu ba ta daɗewa kan gwiwa ranar haihuwa. Ban san inda na samo ta ba. Da ya ji, kwana biyu bai gaishe ni ba. Rana ta uku ya kawo min yadi na ɗinka musu dogayen wanduna.

'Yan mata tara munka samu. Ranar da munka kai su gasa Argungu a bayan babbar mota, shi ya tsaya tsaye tun daga nan har can don in samu wurin zama.

Bayan Babbar Sallar da ta wuce na je suna Argungu, na biya na gaishe shi. Ƙafafu sun kumbura, rediyo a cinya. Na ce ango, ina gudun? Bai rama ba, kuma bai taɓa ƙyale ni ba sai ranar.

Ya ce kwalejin ta aiko tana son sunayen 'yan matan farko a rubuta a bango, littafin kuwa gara ta cinye tun tuni.

"Kande, ni zaure na sani, ke kika shiga gidajen. Ki dawo mu zauna, in na manta ki tuna."

Na ce sai an gama yankan shinkafa, ai ba mutuwa zai yi ba. Haka na ce mishi, da bakina.

Tun ɗazu nake zaune ni kaɗai ina ƙirga su da yatsu. Rakiya doguwa. Luba. Asabe mai kuka in ta zo ta biyu. Ngozi, wadda babanta ke da shago a kasuwa, ta fi mu iya zagi da Hausa. Hauwa'u da ƙanwarta Ige. Shida. Sauran ukun ina ganin fuskarsu, har ɗankwalinsu ina gani, sunan ya ƙi zuwa. Kuma babu wanda zan kira in tambaya.

Allah Ya jiƙan Malam Bawa, Ya yalwata kabarinshi, Ya ba iyalinshi haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi cikin addu'a. In kuwa uwarka ko kakarka ta taɓa ce maka ta yi gudu ba takalmi a filin kwaleji, kada ka ɗauka cika baki ne irin nawa. Rubuto min sunanta a ƙasa.