Ranar da aka zo kwance shanun Inna

Shekarun baya can, ban fi shekara biyu da aure ba, na taɓa zama attajirin da ko akuya bai mallaka ba. Duk wanda ya bi ta ƙofar gidanmu a Magarya zai ga bijimai biyu a turke, fari da ja, ga babur jingine a zaure, ga ni na karkata hula ina zuba musu harawa. Sai ka ji ana cewa yaron nan Allah ya buɗa masa da wuri. Ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa zancensa ba. Bijiman na mahaifiyata ne. Saniya guda ta gada a Maikujera, garin iyayenta, ta bar ta hannun ƙanenta tana haihuwa, har aka koro mata waɗannan biyun. Da su ake yi mana huɗa, kuma su take kallo duk lokacin da aka yi zancen kujerar Makka. Babur ɗin ma na abokina ne da ya tafi ci-rani ya bar mini ajiya.

Ni ne ɗanta na fari, Inna kuma irin matan da ce, masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "wancan" take ce mini. In tana da magana da ni sai ta faɗa wa matata, ko da ina tsaye a gabanta. Ina yaro har kuka na sha yi a ɓoye, wai ita ba ta sona.

A shekarar ne noman albasa ya shiga raina, don na ga sa'o'ina suna ta canza riguna. Jari ne babu. Aka nuna mini wani Alhaji, dillalin albasa a Goronyo, mai ba manoma kuɗin iri da taki da man injin ban-ruwa, in an cire a biya shi. Ya ce ba ya ba mutum sai ya ga gidansa. Ranar da ya zo, bai ma zauna ba idonsa ya faɗa kan turke.

"Masha Allah," ya ce, "ashe shanun huɗa gare ka. Mai wagga dukiya ai ba a jin tsoron ba shi bashi."

Na shafa tozon farin na ce, "Alhamdu lillahi, Alhaji, sai godiya." Na daɗe ina lallashin kaina cewa ai ban yi ƙarya ba, godiya kawai na yi wa Allah. Amma na san abin da ya fahimta, kuma a kan haka ya zaro kuɗin.

Albasa ta yi kyau, har mutane na tsayawa kallo. Da aka cire, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Matata ta ce, "Ka sai da ka biya mutumen ga mu huta." Na ce mata mace me ta sani a harkar kasuwa. Na roƙi Alhaji ya ƙara mini lokaci, na kafa rudu, wato rumfar karan da ake jibge albasa a ciki ta sha iska, na zauna jiran tsada. Har na gama raba ribar a kaina. Sai ruwan farko ya zo da wuri, da iska mai ƙarfi, ya yaye rufin rudun, ni kuma ina can Rabah wurin ɗaurin aure a kan babur ɗin mutane. Ruwa ya jiƙa ta, zafi ya biyo baya. Kafin mako biyu ba ka iya tsayawa kusa da wurin don wari. Abin da na tsinta na sayar bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na bashin ba.

Daga nan na zama gwanin bin lungu. Ranar kasuwar Goronyo ciwon kai ke kama ni, wayata kullum ba caji, in an yi sallama a ƙofar gida sai na leƙa ta kafar zana kafin in amsa. Alhaji ya yi aike har ya gaji, sai ga sammaci. A kotu alƙali ya tambaye ni ko na yarda da bashin, na ce na yarda. Ya ce me nake da shi da za a biya. Kafin in buɗe baki Alhaji ya ce ai ina da bijimai biyu, da idonsa ya gani. Alƙali ya dube ni. Na waiga na ga mutanen garinmu biyu a benci, ɗaya ma dangin matata ne, sai na sunkuyar da kai. Shiruna na biyu ke nan, bayan na ranar da Alhaji ya ga shanun. Aka ba ni wa'adi, in ya cika ban biya ba a je a kwance shanu.

Ban gaya wa Inna ba. Na ce wa kaina ta yaya zan tari wadda ba ta ko kallona da irin wannan magana, alhali tsoro ne kawai. Na yi ta buga-buga ina neman rance, amma wanda aka kai kotu kan bashi wa zai ƙara masa wani. Wa'adi ya cika.

Wata Alhamis da hantsi suka iso a a-kori-kura: ma'aikatan kotu biyu, dattijo mai riƙe da takardu da wani matashi, sai ɗan sanda guda da Alhaji. Suka fara biyawa ta wurin mai unguwa suka taho da shi. Kafin su gama gaisawa da ni ƙofar gida ta cika, har da waɗanda ban taɓa sanin suna da lokacin kallo ba. Dattijon mutum ne mai sanyin murya. Ya ce, "Mu aike na, ba mu zo hwaɗa da kowa ba. Aikinmu mu rubuta abin da kam mallaka, mu ɗauki abin da ya ishe bashi."

Ya fara da gida. Mai unguwa ya ce na gado ne, ba a raba ba, mu tara ne a kansa, gonar gandu ma haka. Fadamar da na yi albasa aro ce. Injin ban-ruwa haya na ɗauko. Babur, na fito da takardunsa, sunan abokina ne a jiki. Da aka zo kan kayan ɗaki, matata ba ta jira an tambaye ta ba, daga bayan zana ta ɗaga murya: "Gado da katihwa da kwanoni duk ubana yas sai min. Awakin ma nawa na!" Wani a cikin taron ya ƙyalƙyale da dariya, aka yi masa tsawa. Ni dai gumi kawai nake sharewa da hula.

"To, saura shanu," in ji dattijon. Matashin ya nufi turke ya kama igiyar farin. Dattijon ya ɗaga masa hannu, ya ce ƙa'ida ce sai an tambaya a gaban shaidu. Ya juyo gare ni. "Shanun ga naka na?"

Kafin in amsa sai muka ji murya daga cikin zaure. Inna ce, wadda ko baƙon kirki ba ta fitowa gaisarwa in da maza a waje. Ba ta fito ba, ta tsaya a bayan ƙyaure.

"Na wancan na," ta ce. "Ni nib ba shi tun bara. Ku kwance ku tai da su, ku ƙyale shi hakanan."

Ashe matata ta gaya mata komai tun ranar sammaci. Mai unguwa ya san ba haka ba ne, amma ya kafa ido a ƙasa, don in mai abu ta ce ta bayar wa zai ce ba ta bayar ba. Alhaji ya saki fuska. Ni kuma, tunda na ce zan faɗi gaskiya bari in faɗe ta duka, sai da na ji wani sanyi a raina. In na ƙara yin shiru sau ɗaya, bashi ya ƙare, kuma gari zai ce shanunsa aka ɗauka, ba za a ce ba shi da komai ba. Sai farin ya juya kansa wajen zauren, don ya san muryar mai kawo masa dusa kullum da safe. Na bi shi da kallo, na ga yatsunta a gefen ƙyauren, baƙi ƙirin da aikin daddawa.

Matsalar ita ce ba a cewa uwa ta yi ƙarya, balle a gaban jama'a. Na rasa ta inda zan ɓullo, can na ce, "Ranka shi daɗe, Inna asirina taka son ruhewa. Allah shi saka mata. Amma ba ta ba ni ba, ko igiyag ga ba tawa ba ta." Na je na kama kunnen farin na nuna musu tsagar gidan kakannina na Maikujera. Na juya wurin Alhaji na ce tun ranar farko na bar shi a kan zaton da ba haka ba, da gangan. Sannan na shiga ɗaki na kwaso abin da yake nawa na halak na zube a tabarma: fartanya, lauje, riga biyu, da wayata mai fasasshiyar fuska da na ɗaure da roba.

Dattijon ya juya wajen zauren cikin ladabi ya ce, "Inna, kin ji abin da yac ce. In kin ba shi, sai kin rantse gaban alƙali." Sai ƙarar takalminta muka ji tana komawa cikin gida. Mai unguwa ya ɗago ya ce shi dai bai taɓa jin zancen kyauta ba, liman da ke cikin taron ma ya ce haka. Matashin ya saki igiya. Dattijon ya dubi tabarmata ya ce suturar jiki da kayan neman abinci ba a ɗauka, saura waya. Alhaji, da ransa ya gama ɓaci, ya ce, "Wagga ko kyauta anka ba ni ba ni so." Wannan karon ba wanda aka yi wa tsawa, kowa ya yi dariya, har ɗan sandan. Alhaji ya nuna ni da yatsa ya ce na cuce shi. Na ce na cuce shi, ya yafe mini. Ya juya ya shiga mota, suka koma da ita wayam.

Abin mamaki, ranar na ci tuwo na ƙoshi, rabona da haka tun kafin sammaci. Abin da na shekara ina ɓoyewa kowa ya gani, ba sauran abin gudu.

Da muka koma kotu, mai unguwa da liman suka shaida ba ni da komai. Alƙali ya ce wanda aka tabbatar ba shi da shi jinkiri ake yi masa, amma bashi na nan a wuyansa, sai mu daidaita yadda zan riƙa biya kaɗan-kaɗan. Sai Alhaji ya ce, "Tunda ba ka da dukiya, ai kana da ƙarhi." Haka na koma rumfarsa a Goronyo ina tsince albasa, ina ɗinke buhu, ina lodi, yana cire wani abu daga ladana yana bar mini na cefane. Rani uku na yi. Watannin farko ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. A can na koyi yadda ake kafa rudu na gaske da yadda ake gane albasar da ba za ta yi ajiya ba. Yau ni nake saya masa kaya a wajen Rimawa, kuma in zai ba wani bashi yakan ce in je in gano masa ko shanun ƙofar gidan na mai gidan ne.

Har gobe a garinmu "mai shanu" ake kirana, kuma ina amsawa. In wani ya zo mini a ruɗe wai an kai shi ƙara kuma ba shi da abin biya, nakan ce ya je da ƙafarsa ya faɗi abin da yake da shi da wanda ba shi da shi. Ni ba rashi ne ya kusa kai ni ƙasa ba, son a ce ina da shi ne, kuma saura ƙiris wadda ba ta ci ko sisi a kuɗin ba ta biya da Makkarta. Ta je ta dawo, da kuɗin bijimanta. Har yau in na tuna yatsun nan a jikin ƙyaure sai idona ya kawo ruwa, in ji kunyar kukan da na sha yi ina yaro.

Kafin tafiyar tata, shekarar da na gama biya, na sayi ɗan maraƙi, abu na farko mai ƙafa huɗu da na taɓa mallaka. Na jawo shi gida ina ta washe baki, na ɗaure shi kusa da nata. Inna ta leƙo ta dube shi sama da ƙasa, ta juya wurin matata, ina tsaye a wurin, ta ce, "Ki hwaɗa ma wancan shi ɗaure abinai nesa da nau, kada masu takarda su dawo su ruɗe." Na kafa masa turke can gefe.

Washegari na fito da sassafe in ba shi abinci, na tarar an riga ni. Ƙwaryar dusarta ce a gabansa, bijimanta biyu na tsaye suna jiran a zo kansu.