Abin da Akwatin Umma Ke Saye

Shekara bakwai ke nan da muka rasa Umma. Da hantsin wata Laraba aka ɗauke ta daga gidanmu na cikin garin Daura, kuma duk lokacin da ranar ta zagayo nakan toya waina in raba, in yi mata addu'a, in kama bakina. Bana shirun ya ƙi zama. Abin da ya tono ni ba wani babban abu ba ne. Musu ne ya ɓarke a ɗakin malamai na makarantarmu kan wanne ya fi sauƙin kuɗi, biyan kuɗin wata na dish ko kallo ta intanet a waya. Aka juyo kaina, tunda ni ce malamar lissafi, wai in raba gardama. Na ce su nemi wani. Na taɓa yin wannan lissafin sau ɗaya, ya kuma fita daidai, amma har yau ban warke daga abin da ya jawo ba.

Umma ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi. Da shi ta raine mu bayan rasuwar mahaifinmu, da shi ta kai ni kwaleji. Gyaɗarta daga Zango ake kawo mata da ɓawonta, don ba ta yarda da ɓararriyar kasuwa ba, wai ana cusa mata ruɓaɓɓiya a ƙasan buhu. Ranar da ta sa aka kafa farantin ƙarfen nan a kan soronmu, aka jawo waya zuwa talabijin ɗin da ke rumfar tsakar gida, unguwa ta sha magana. Wai mai ƙuli ta yi kuɗi.

Kafin wata ya cika, rumfar ta zama dandali. Da an idar da azahar mata za su fara shigowa, kowace ta ja tire ta ɗibi gyaɗa. Ido na kallo, hannu na ɓara. In akwai wuta a gode Allah, in an ɗauke a tayar da ƙaramin janareta. Fim ɗin Hausa, na Indiya mai fassara, wa'azi, in lokacin aikin Hajji ne a yi ta kallon masu ɗawafi ana share hawaye. Dab da la'asar sai Umma ta fito da babban faranti guda ɗaya, yau dambu da ƙuli, gobe ɗanwake, ta dire a tsakiya, kowa ya sa hannu. Abin da ke ba ni dariya a lokacin shi ne, mai biyan kuɗin kallon ba ta kallo. Kullum tana bakin kasko ta juya wa akwatin baya. In ka tambaye ta wa ya auri wa a fim ɗin da aka yi wata uku ana bi, ba ta sani ba.

Cikin masu zuwa akwai wata tsohuwa da zan kira Gwaggo Dije, ko da yake ba sunanta ke nan ba. Bafulatana ce daga wata ruga ta wajen Baure. Aure ya kawo ta gari, miji ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, shanun da ake labari kuma sun daɗe da ƙarewa. Tana zaune a wani ɗan ɗaki a gidan haya, lungu biyu daga namu. Doguwa ce, tsaf-tsaf, zanenta ɗaya ne ko biyu amma ba ka taɓa ganin datti a jikinsa. Wurinta jikin ginshiƙin rumfa, kusa da akwatin, saboda idonta ya yi rauni. In an kawo faranti sai ta kau da kai ta ce ta ƙoshi. Umma ba ta taɓa cewa ta ci ba. Sai dai ta ce, “Gwaggo, ɗanɗana min gishirin nan, harshena ya mutu da zafin kasko.” Gwaggo ta ɗanɗana, ta ce ya ɗan yi ƙasa. A ƙara. Ta sake ɗanɗanawa. Kafin a gama gyaran gishiri an cinye faranti. Da yamma kuma Umma ta ƙulla mata ƙuli da ɗan tsaki a leda, ta ce ladan ɓara ne, alhali abin da hannun Gwaggo ke ɓarewa a yini bai cika kofi biyu ba.

Ni duk wannan yana faruwa a gabana, amma idona na kan wani wuri. Aurena ya mutu, na dawo gida da 'ya'ya biyu, ina ganin kowane kwabo da ke fita. Kuɗin watan dish sai hawa yake yi, kafin ka saba da wannan farashi an sako wani. Ga fetur. Ga tashoshi barkatai da muke biya, na ƙwallo da na Turawa, alhali uku ko huɗu kawai ake kunnawa. Rabin wata ma babu wuta, amma kwanakin na tafiya ko ka kalla ko ba ka kalla ba. Na zaunar da Umma na zayyana mata, har da nuna mata cewa abin da akwatin ke ci a wata ya isa tiyoyin gero masu auki. Ta saurare ni har na gama. Sai ta ce, “Malama, lissafinki daidai ne. Amma ki bar min akwatina. Akwai abin da yake saye min wanda babu shi a kasuwa.” Na tambaye ta mene ne. Ta ce in miƙo mata matsami. Malama take kirana in tana son ta nuna min karatuna bai kai inda nake zato ba.

A ciwonta na ƙarshe, cikin wasiyyoyin da ta bar min, har da cewa kada in bar akwatin ya mutu. Na ɗauka irin son da tsofaffi ke yi wa kayansu ne. Na riƙe shekara biyu, ni da Asabe matar ƙanena muka ci gaba da sana'ar, mata suka ci gaba da zuwa, faranti bai fasa fitowa ba. Asabe ce ta gaji maganar gishiri, ni ko ina jin ta kamar wasan yara.

Sai farashi ya sake hawa, a daidai lokacin da kowa ke yabon kallon waya. Na ɗauki biro. A gefe ɗaya kuɗin wata da fetur. A ɗaya gefen manhajar kallo da kuɗinta bai taka kara ya karya ba, sai 'yar data, ga kuma masu tura fina-finai a bakin kasuwa da za su cika maka waya da canjin cefane. Ka kalli abin da kake so a lokacin da kake so, babu ruwanka da wuta. Ko ɗalibar aji ɗaya ta san amsar. Da watan ya ƙare ban sabunta ba. Na gaya wa kaina cewa Umma kallo ta ce kada ya mutu, kuma ga shi kallo bai mutu ba, ya dai koma waya.

Ranar farko na jingina wayata a jikin kwano, kawuna bakwai suka duƙufa a kan abin da bai wuce tafin hannu ba. Sabis ya riƙa yankewa, hoto ya tsaya ana kallon ɗan zobe yana juyi. Ɓara ta tsaya, don ba a duƙawa kallo a yi aiki. Matan da ke da manyan wayoyi suka ga in haka ne gara su kalla a ɗakunansu. Cikin mako ɗaya rumfa ta watse. Na kai gyaɗar inji, ya ɓare min a awa ɗaya, na ƙara jin na yi dabara. Tunda babu taro, babban faranti ma ya koma kan kanta.

Gwaggo Dije ta zo kwana uku tana zama jikin ginshiƙinta, tana fuskantar baƙin gilashi. A rana ta huɗu ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ce, “To 'yar nan, tunda kallo ya ƙare, bari mu bar ku ku huta.” Na ce ai gida gidanta ne, ta riƙa leƙo mu. Na faɗa ne ina duba waya.

Damina ta yi nisa, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, sannan Asabe ta ce min ta ga Gwaggo a bakin famfo ta rame. Na zuba tuwo a kwano na ɗauka da kaina, da rana tsaka, na ratsa tsakar gidan hayar nan matan gida na zaune suna kallona. Na yi sallama na ce ga abinci na kawo mata. Ta fito ta gaishe ni da fara'a, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, “Allah ya yi albarka. Yanzun nan na wanke hannu, ki kai wa yara.” Na dubi murhunta. Kaza ce kwance a cikin tokar. Na gani da idona, na kuma gane abin da na gani. Amma abin da na ji a raina haushi ne, wai na taka da ƙafata an mayar min da kwano. Na ce girman kai ne da fulako. Na sake aikawa sau biyu, kwanon ya dawo yadda ya tafi, sai na ce na fita hakkinta.

Ba ta ga kaka ba. Zazzaɓi aka ce, na kwana biyu, kuma na yarda kowa da ajalinsa. Da yake ba ta da kowa, ni da Yaya Tabawa, aminiyar Umma, muka yi mata wanka. Mai wankan gawa ba ta faɗin abin da ta gani, ni ma ba zan faɗa ba. Zan dai ce mu biyu muka ɗaga ta, kuma mutum ɗaya ma ya isa. Da muka fito muna wanke hannu, Yaya Tabawa ta ce min ba tare da ta dube ni ba, “Uwarki ba ta taɓa son kallo ba. Dalilin shigowa take saya wa baiwar Allahn nan.”

A nan na gane abin da Umma ta ƙi faɗa min, da dalilin ƙin faɗar. Mace irin Gwaggo ba za ta shiga gidan mutane don ta ci ba, ko da yunwa za ta kashe ta. Amma kallo kowa na zuwa, mai shi da marar shi. Wanda ya zo kallo ya tarar da faranti ba maroƙi ba ne. Da Umma ta bayyana min wannan, da ta tona asirin da take biyan kuɗi duk wata don ta rufe. Ta zaci zan gani da kaina. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ni kuwa ko rimin ban hau ba, ina ƙasa ina buga lissafi.

Da Umma za ta leƙo gidan nan yau, na san abin da za ta fara tambaya: ina mutane? Muna nan, kowa a ɗakinsa da abin toshe kunne. Wayoyi biyar ne a gidan, kowace da cikinta. Arahar da na bi ma ba ta daɗe ba. Data ta yi tsada, kuma fim ɗaya kan lashe ta kamar wuta a karmami. Abin da 'yata ke so yana wannan manhaja, na Asabe yana waccan, ƙwallon ƙanena na wata daban, kowace da kuɗin watanta. Har cajin waya sai an biya in wuta ta yi kwanaki. Kwanan baya na sake ɗaukar biro, na tarar abin da muke zubawa a wayoyin nan ya wuce kuɗin dish da feturinsa. Garin neman gira na rasa ido. Na tabbata Umma ba za ta yi min gori ba. Za ta ce, “Malama,” kawai, kuma wannan kalmar ta fi zagi ciwo.

Ba ina cewa dish ya fi waya ba. Masu dish ba don Allah suke ba, farashinsu na nan yana hawa, kuma wanda ke zaune shi kaɗai wataƙila wayar ta fi masa. Abin da na kasa faɗa wa abokan aikina ran nan shi ne, kafin mutum ya kwatanta kuɗin biyun, ya fara ƙirga waɗanda ke zama gaban akwatin, ya tambayi kansa ko dukkansu kallo ne ya kawo su. Wannan layin babu shi a takardar da na rubuta.

Umma ba ta bar gona ba, ba ta bar gwal ba. Kaskonta ya huje, sunanta a kasuwar ƙuli ya fara gushewa. Abin da ya rage nata shi ne wannan dabarar ta ciyar da mutum ba tare da ya sunkuyar da kai ba, kuma sai da aka binne mutum kafin in koye ta. Allah ya rufa mata asiri a can kamar yadda ta rufa wa wasu a nan, ya haɗa ta da Gwaggo a inuwa ɗaya, ni kuma ya yafe min.

Bara na sa aka kankare tsatsar farantin da ke kan soro, na sayi ƙaramin tsarin tashoshi mai arha, na daina kai gyaɗa inji. Mata huɗu ke zuwa yanzu, biyu tsofaffi ne. Ina zama bakin kasko in juya wa akwatin baya, kuma na iya cewa harshena ya mutu. Babu wadda ke zama jikin ginshiƙin nan, ban kuma hana kowa ba. Na biya na watan nan, zan biya na mai zuwa in da rai. Na waccan daminar ne babu shagon da zai karɓa.