Na Ɗauka Kewata Ce Ke Hana Ta Numfashi

Abin da ya fara jan idona gare ta shi ne yadda take dafe ƙirji idan tana dariya. A tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ne, ta rako yayarta sayar da citta. Lokacin ina ɗalibi a kwalejin Gidan Waya, kaina cike da littattafan soyayya na kasuwa, har abokaina kan tsokane ni wai ko tari mace ta yi sai in ce sona take.

Muka yi aure, ta haifi 'ya mace, sai aikin koyarwa ya kai ni Mararaban Rido, na bar ta a gida. Gwaggona ta karɓi jego yadda ta gada: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, kunun kanwa kwano-kwano, kwanciya a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Duk zuwan da na yi sai in tarar matata tana haki, ƙafafunta sun kumbura, barci sai a zaune. Ta ce mini zuciyarta na dukan ƙirji kamar za ta fito. Allah Ya yafe mini, daɗi na ji, domin a littattafaina haka masoyiya ke yi idan miji ya yi nisa. Maƙwabciyarmu, wata 'yar Fadan Kaje, ta tare ni a bakin rijiya ta ce malam ka bar murmushi, haka ƙanwarta ta yi kafin ta rasu, in kai yarinyar nan asibiti. Gwaggo ta ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara kanwa. Na bi Gwaggo, na koma bakin aiki. Matata ba ta kai arba'in ba. Aka aiko mini na dawo, a bayan mota ta cika muna hanyar asibiti, kanta a cinyata.

Shekaru suka ja, 'yar da ta bari ta haihu, ta kira ni tana haki. Ban tsaya neman takalmi ba. Daga asibiti zuwa asibiti har Abuja, inda aka sa ta cikin na'urar MRI, wani dogon bututu mai ƙara, ana ce mata ta riƙe numfashi. Ni ina waje, na kasa zama. Likita ya nuna mini hoton naman zuciyarta, ya saki, yana matsawa da ƙyar. Ya ce ciwo ne da kan biyo bayan haihuwa, kanwa da zafi kuma ƙara masa nauyi suke yi. Ya tambaya ko an taɓa yin irinsa a gida.

'Yan'uwa maza, mai jego ta ce numfashinta ya gaza, kada ku fassara, ku nemi mota. 'Yata tana nan da ranta, tana shan magani, ɗanta ya shiga makaranta. Dariyar uwarta ta ɗauko. Har yau duk ta dafe ƙirji, sai in ga na miƙe tsaye.